Malam Ayuba da Tokar Gonar Babana

Shekara goma sha biyu ke nan cif a wannan bazarar da muka rufe maigidana a bayan majami'armu. Ni ban iya karatu ba, ban iya rubutu ba. Faɗa nake yi, 'yata Rifkatu tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana ko da ta ji na yi zafi. Sunansa ma ita za ta sa da hannunta, don shekara arba'in da ɗoriya muka yi tare ban taɓa kama shi da bakina ba, ba kuwa yanzu da tsufa zan fara ba. Malam nake ce masa. Ga sunan nan ta sa muku: Malam Ayuba mai bishara.

Na san yawancin masu karanta wannan jarida Musulmi ne, kamar yadda yawancin maƙwabtana suke, don haka bari in faɗi ko su wane ne mu. Hausawa ne mu, Kirista, 'yan gidaje kaɗan a wani ƙauye tsakanin Daura da Baure. Iyayenmu Maguzawa ne. Rijiya ɗaya muke ɗiba da kowa, kasuwa ɗaya muke ci, fari ɗaya yake kama mu. Abin da zan faɗa rigimar cikin gidanmu ce, amma ba na jin akwai wanda ya taɓa binne ubansa da zai ce ba ta shafe shi ba.

Abin da ya sa na buɗe baki bana akwati ne. Malam ya bar akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, cike da littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, guda goma sha huɗu, duk da hannunsa ya cika su. Tun da ya rasu ba wanda ya waiwaye su sai gara, ita ma na kore ta. To, bara da kaka, cikin wata ɗaya, mutum biyu suka yi sallama a ƙofata saboda akwatin nan. Ɗaya yana so a ƙona, ɗaya yana so a yaɗa. A cikinsu babu wanda ya tambaye ni dalilin da ya sa aka yi rubutun. Alhali saboda ni aka yi shi.

Babana sunansa Nomau. Bai yi salla ba, bai shiga majami'a ba. Duk shekara kafin shuka yakan yanka jan zakara a gindin tsamiyar gonarsa, yadda ya ga ubansa yana yi, kuma ranar kasuwa yakan sha giya, ba zan ɓoye ba. Amma shekarar da gero ya ƙi, shi ne ya buɗe rumbunsa ya yi ta auna wa mutane da ƙwarya, bai tambayi kowa inda yake sa gabansa in zai yi addu'a ba. Malam ya yi masa wa'azi ya fi a ƙirga. Kullum sai ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Ɗan nan, hanyarka mai kyau ce, amma ƙafata ta saba da tawa.” A haka ya rasu, 'yan shekaru kafin a kawo shari'a.

Rana ta uku da rasuwar, maza suna zaman makoki a ƙofar gida, mu mata muna bayan zana. Sai Dattijo Yohanna, shugaban dattawan ikkilisiyarmu, ya miƙe don ya yi wa matasa gargaɗi. Da kunnena na ji shi. Ya ce, “Nomau ya ji, ya ƙi. Yanzu haka da muke zaune a inuwar nan yana cikin wutar da ba ta mutuwa, kuma babu ranar fita.” Ba da mugunta ya faɗa ba, na yarda da wannan. A ganinsa rai yake ceto. Amma bai tuna akwai 'yar mamacin a bayan zana ba.

Kashegari na durƙusa zan hura murhu, tartsatsi ya faɗa mini a bayan hannu. Na fizge hannun da sauri, kamar yadda kowa zai yi. Nan take ya faɗo mini a rai cewa ni na fizge, shi fa? Na tashi na bar itacen yana hayaƙi. Wata biyu cur ban iya kallon wuta ba. Ko ƙaurin ƙuna ba na son ji. Hajara, matar maƙwabcinmu Alhaji Garba dillalin shanu, ita ta riƙa miƙo mana tuwo ta kan danga safe da yamma, ba ta taɓa tambayata me ya same ni ba.

Wata rana da hantsi Malam yana gyara ƙotar fartanya a tsakar gida, na tsaya a kansa na ce, “Malam, babana yana ƙonewa yanzu?”

Ya buɗe baki zai ba ni amsar da yake ba mutane ranar Lahadi. Na ga amsar ta zo masa har leɓe. Sai ya rufe bakin. Can ya ce, “Ladi, abin da aka koya mini nake faɗa. Ban taɓa dubawa da idona ba. Amma zan je in duba, in kawo miki amsa.”

Na ce ina za a duba, ko an taɓa zuwa an dawo? Ya ce littattafan annabawan Isra'ila da muke karantawa da Hausa fassara ce, asalinsu da Ibraniyanci aka rubuta, kuma yawancin maganar halaka da wuta daga bakin annabawan nan ta faro. Ya ce yana so ya ji da wane irin baki suka faɗe ta. Ni a lokacin na ɗauka abin kwana biyu ne.

Rani uku ya yi yana tafiya. Da an gama kai amfani gida sai ya ɗaure 'yar jakarsa ya shiga motar Kano, daga can ya wuce kudu wurin wani tsohon malami a makarantar da ya yi tun yana saurayi. Mazan wasu suna tafiya cin rani su dawo da atamfa da gishiri, nawa ya dawo da ramammiyar fuska da littafi mai baƙaƙe kamar sawun kaza. Awaki da yara da gyaran danga duk a kaina. Na yi fushi, na yi mita, ni da na tura shi. Alhaji Garba ya leƙa littafin wata rana a zaure, ya ga Malam yana bin layi da yatsa daga dama, ya kwashe da dariya. Ya ce, “A'a, Malam, ashe ka fara dawowa hanya! Daga dama kake farawa? Saura alwala.” Malam ya ce, “Alhaji, kai dai ka ji da bijimin da ka sayar wa Bafillace jiya da haƙori huɗu ka ce shida ne.” Haka suke tun suna samari.

A bazara ta uku, lokacin sharar gona, ya ce in zo mu je gonar babana, wadda 'yan'uwana suka bar mini in riƙa nomawa. A ƙasarmu ba a ƙona kara, yana da amfani, da shi ake danga da girki, dabbobi ma su samu. Tushiya ce ake tonewa a tara da ƙaya da busasshiyar ciyawa a cinna musu wuta kafin ruwa ya sauka. Muka tara tsibi guda. Ya ƙyasta ashana. Na juya baya, ya ce, “A'a, ki duba.” Wutar ta tashi da ƙara, ta fi tsayin mutum, zafinta ya kore mu baya. Kafin a dafa ƙwai ta kwanta.

Ya ce, “Ina tushiyar?”

Na ce, “Ta ƙare mana.”

Ya ce, “To, da irin wannan bakin annabawa suke magana. Na bi su wuri-wuri. In za su faɗi ƙarshen mugu, sai su kawo tushiya a wuta, ko ƙaiƙayi a iska, ko hayaƙin da ya watse, ko tokar da ake takawa. Manoma ne kamarmu, Ladi, sun san abin da wuta take yi wa tushiya. Ba ta ajiye ta tana gasawa. Cinye ta take yi.” Ya ce a fahimtarsa hukuncin ranar ƙarshe gaskiya ne, mai ban tsoro ne, amma ƙarshensa ƙarewa ce, ba ƙuna marar iyaka ba.

Yana kallona yana jira in yi murna, kamar wanda ya kawo tsaraba daga nesa. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, ba zan yi ƙarya ba. Amma wani ya hau. Na ce, “Wato babu shi ke nan? Rani uku ka bar ni da awaki don ka zo ka ce mini babana toka ne?”

Ni kuwa bakina ya riga ya buɗe. Na durƙusa na ɗebi tokar gefe da ta huce, na nuna masa a tafin hannu. Na ce, “Ku maza ba ku san toka ba. Kuna cinna wuta ku tafi, ku ce an gama. Mu ne muke zuwa da ƙwarya. Wannan tokar ita muke zubawa a tsohuwar tukunya mai huda, mu tsiyaye ruwanta mu sa a miyar da kake lashe kwano. Wadda ta rage gona ce take shanye ta. Irin waken da za ka shuka bana ma, a cikin me kake tsammani ya kwana tun kaka ƙwaro bai taɓa shi ba? In mace ba ta zubar da toka, Allah ne zai zubar?”

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Ke da makarantar aka kai, da an kore ni.” Sai kuma dariyar ta yanke. Muka taho gida. Da yamma na gan shi yana rubutu. Ranar na hura wuta ba tare da na ji tsoronta ba, karo na farko tun rasuwar babana, ko da yake ni kaina ba zan iya cewa maganarsa ce ta yi aikin ko tawa ba.

Da ya bar maganar a tsakaninmu, da ba a kai ga haka ba. Amma Malam ba ya iya riƙe abu a ciki in ya ga kamar gaskiya ne. Wata Lahadi ya hau wurin wa'azi ya faɗa a gaban jama'a. Kuma bai tashi faɗa ba sai shekarar da aka kawo shari'a. A ƙauyenmu ba wanda ya taɓa mu, wannan shaida ce da zan bayar ko'ina. Amma labarai suna zuwa daga wasu garuruwa, marasa daɗi, kuma mutanenmu kaɗan ne. Kowa yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Dattawa suka kira shi gindin darbejiyar majami'a da rana tsaka. Mu mata muka fake da shara, muna jin komai. Dattijo Yohanna ba jahili ba ne, littafin yana kansa. Ya ce annabawan nan da Malam yake jingina da su, su ne kuma suka yi maganar wutar da ba a iya kashewa. Malam ya ce wutar da ba a iya kashewa kowa ya san ta, wutar daji ce, ba mai tare ta sai ta gama cin abin da ke gabanta, amma ba a ce daji yana ci har yau ba. Ya ce akwai garuruwan da annabawa suka ce hayaƙinsu zai tashi har abada, kuma masu zuwa ziyara ƙasar sun dawo ba wanda ya ce ya ga hayaƙi. Yohanna ya ce to, wurin da aka ce matattu za su farka, waɗansu zuwa rai, waɗansu zuwa kunya marar matuƙa fa? Toka tana jin kunya ne? A nan Malam ya sunkuyar da kai ya ce, “Wurin nan yana da wuya, Baba. Ban gama da shi ba.”

Da a ce a kan hujja aka yanke, da ban riƙe su a rai ba har yau. Amma ba a kanta aka yanke ba. Wani dattijo ya ce, “Ku duba lokacin da muke ciki. Maƙwabtanmu suna wa'azin wuta safe da yamma. In aka ji a kasuwa cewa Kirista sun ce wuta tana ƙarewa, cewa za a yi mun ƙaryata lahira. Wa zai tare mana?” Wani ya ce in an cire tsoro, da me za a riƙe matasa? Shi ke nan. Aka ce ko ya janye a gaban jama'a, ko ya sauka. Ya ce ba zai iya janye abin da ya gani da idonsa ba, ba kuma zai raba ikkilisiya ba. Ya sauka.

Da labari ya kai wa Alhaji Garba, sai ga shi a zaure yana huci. Ya ce, “Wai saboda mu aka sauke ka? Wa ya aiko ya tambaye mu? Mu wuta mun yarda da ita yadda aka faɗa mana, ba zan rage maka ko ƙwayar gero ba, kuma in ka biya ta wajena sai na kayar da kai da hujja. Amma wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba, ba a karar shanun Daura ake yanke shi ba.” Malam ya ce, “Da a can ake yankewa ai da ka sayar da mu duka.” Suka yi dariya, ni kuwa ina ciki ina share hawaye da bakin zane.

Shekara tara ya yi yana zama a bencin ƙarshe, kusa da ƙofa, inda masu makara suke zama. Mutumin da ya yi wa rabin majami'ar nan wa'azin aurensu. Ba a ba shi ko addu'ar rufewa ba. Bai fasa zuwa ba ko Lahadi ɗaya, shi yake fara isa ya share ƙasa. Wannan haƙurin nasa ya fi komai ci mini rai. Nakan ce, “Malam, ka yi magana mana, ko mu koma wata majami'a.” Sai ya ce, “In koma ina? A nan aka yi mini baftisma.” Ya shiga ɗaki ya ɗauko littafinsa na rubutu. In na ce, “To, amsata fa?” sai ya ce, “Ina nan ina dubawa.” Har na gaji na daina tambaya.

A bazara ya rasu, bayan jinyar kwana takwas. Dattijo Yohanna yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, da tsufansa, yana kuka kamar yaro. A bakin kabari ya ce, “Mutumin kirki ne, amma ya yi kuskure.” Wannan “amma” ɗin tana nan a raina har yau. Duk da haka, duk kaka sai ya aiko mini da damin gero har shi ma ya bi bayansa. Ga su can a bayan majami'a, taku biyar ne tsakaninsu. Su biyun yanzu sun san amsar. Ni da na yi tambayar aka bari.

Nakan zauna in ce da Malam zai leƙo yau, me zai ce? Maganar da aka sauke shi a kanta a gindin darbejiya, yau tana cikin wayar kowa. Jikokina suna kunna mini muryoyin masu wa'azi, wannan yana ihu wuta ba ta ƙarewa, wancan yana ihu tana ƙarewa, kowanne yana jefa kalma ɗaya ta Ibraniyanci kamar mai jifan kare, yana kiran ɗan'uwansa ɗan halaka. Malam rani uku ya yi kafin ya yarda ya ce ya fahimci kalma guda. Waɗannan kafin shayi ya huce sun gama da lahira. Ina jin da zai saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye su, “Wa ya mutu muku?” Don wanda aka yi wa mutuwa ba ya maganar nan da irin wannan murya.

To, ga mutum biyun nan da suka zo saboda akwatin. Na farko Fasto Iliya, wanda yake riƙe da majami'armu yanzu, mutum mai ladabi. Ya zauna a tabarma ya gaishe ni sosai, sannan ya ce, “Mama, littattafan Baba suna iya zama tuntuɓe in suka faɗa hannun da bai kamata ba. Don sunansa ma, gara a ƙona su cikin mutunci.” Na ce, “Ka karanta?” Ya ce bai karanta ba, amma ya ji abin da ke ciki. Na ce, “Ni ma ji na yi, Fasto, kuma ni ina da uzuri.”

Na biyu wani Malam Dauda ne daga Katsina, cikin masu wa'azi ta waya. Ya shigo yana ce wa Malam jarumi, wai shi ne ya fara ganin haske a ƙasar Daura. Yana so ya ɗauki hoton shafukan ya watsa, don a rufe bakin su Fasto. Na ce, “Ka san sunan mutumin da aka yi binciken saboda shi?” Ya yi murmushi ya ce, “Ai saboda gaskiya aka yi, Mama.” Na ce masa sunansa Nomau, kuma yana da rumbu.

Bayan sun tafi na ji kunyar kaina. Shekara goma sha ɗaya ina kwana a kan akwatin nan, ban san abin da ke ciki ba, ina korar masu neman sa kamar kaza a kan ƙwan da ba ta san ko na me ne ba. Na ce wa Rifkatu duk ranar da ta taso daga asibitin da take aiki ta biyo ta karanta mini. Ranin nan kaf muka yi a kai, bayan la'asar, a inuwar rumbu. In ta zo kan sawun kaza ta tsallake, in ta zo kan Hausa ta karanta. Yawanci jerin wurare ne: nan an yi maganar garin da aka rushe, nan tufa ce ta ruɓe, nan ciyawa ce ta bushe. Wani lokaci har gyangyaɗi nake yi. Sai a littafi na goma sha huɗu, kusa da ƙarshe, muryarta ta canza. Ga abin da ya rubuta, na sa ta kwafe shi yadda yake:

“Na tabbata a mafi yawan wurare annabawa ƙarewa suke nufi. Wuri biyu sun fi ƙarfina, Baba Yohanna yana da hujja a kansu, ban iya ture ta ba. Maganar Ladi a gona kuwa, cewa mace ba ta zubar da toka, shekara goma sha biyu ina neman inda zan ajiye ta ban samu ba, ina neman abin da zan kore ta da shi ban samu ba. Ban san inda Nomau yake ba. Yana hannun wanda ya yi shi, wanda ya ga rumbun nan a buɗe. Ban faɗa wa Ladi ba. Na yi mata alkawarin amsa, ina jin kunyar in koma mata da wannan.”

Na ce ta sake karantawa. Ta sake. Na tashi na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne shi, kuma rabin kukan na fushi ne. Haba Malam! Gado ɗaya, kwano ɗaya, ka rubuta wa takarda abin da ka san ba zan iya karantawa ba? Ka ajiye shi a ƙarƙashin kaina? Ai wannan nake nema tun ranar da na tsaya a kanka kana gyara fartanya. Ba cewa na yi ka buɗe mini lahira ba. So nake wani wanda ya duba da gaske ya ce mini ba a rufe maganar babana a ƙofar gida ranar uku ba. Da ka faɗa da bakinka, da na samu shekara ashirin na barci mai daɗi.

Na aika aka kira mini su biyun, kowa da ranarsa. Na ce akwati na wanda zai tsaya a majami'armu ranar Lahadi ya karanta shafin nan da ƙarfi, daga farko har ƙarshe, bai tsallake layi ba. Fasto Iliya ya karanta a zuci, ya daɗe, ya ce layin farko ba zai iya fita daga bakinsa a kan bagade, wurin wa'azi, ba. Malam Dauda ya karanta, ya ce layi na biyu zai raunana hujja, ko za a fara daga wani shafin? Kowa yana son rabin mijina. Shi ya sa na ce wa Rifkatu ta ɗauko takarda. Tunda ba mai karanta shi a majami'a, ga shi nan a jarida, Musulmi da Kirista kowa ya gani, ba a cire ko layi ɗaya ba.

In aka tambaye ni me ya rage na Malam bayan shekara goma sha biyu, ba zan ce ya ci gardama ba, don bai ci ba, ga shaidar hannunsa. Ba a sa sunansa a jikin komai ba. Bencin da yake zama ma ya karye an yi itace da shi. Abin da na sani shi ne, matar da ba ta san baƙi ko ɗaya ba ta yi masa tambaya da hantsi, yana da amsa a leɓe, ya haɗiye ta ya tafi dubawa, ya rasa matsayinsa a kai, kuma da bai samu ba bai ƙirƙiro ba. Ban ga wani ya yi haka ba, kafinsa ko bayansa. Na yafe wa Dattijo Yohanna, ko in ce ina kan yafewa. Malam kuwa sai mun haɗu, akwai maganar da zai amsa mini.

Makon jiya aka share gonar babana. Ƙafata ba ta kai ni yanzu, amma na sa aka kawo mini tokar a ƙwarya kamar kowace shekara. Rabi na tsiyaye don miya. Rabi na ajiye sai kaka, in zuba a tulun iri. Tulun yana ƙarƙashin gado, jikin akwatin. Jiya na zura hannu na tono waken bara daga cikin tokar, na fasa ƙwaya ɗaya da ɗan haƙorin da ya rage mini. Lafiyarsa lau. Ruwa kawai yake jira.